Ɗorin da Ya Ci Ƙafar Yaya Zulai

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Duk sanda na zauna sai tsoro ya kama ni kada in ɗora wa wani laifin da ya fi nasa, don ni ba likita ba ce, ilimin ƙasa na karanta a jami'a, kuma akwai abubuwan da har yau ban gama fahimta ba. Amma Yaya Zulai ta ce in rubuta. Ta ce in ban yi ba ita za ta yi, kuma nata ba zai yi wa kowa daɗi ba. Allah Ya sa wani ya karanta kafin ya kai inda muka kai.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. A Ƙofar Guga muka tashi, mu biyu da Umma, bayan rasuwar mahaifinmu. A makarantar kwana ta 'yan mata ta koyi wasan hoki, wato wasan da ake kora ƙwallo da sanda mai lanƙwasa a baki. Girman ƙwallon kamar lemo ne, taurinta kuwa kamar dutse. Daga makaranta wata ƙungiya a wata jiha ta ɗauke ta, daga nan aka kira ta tawagar ƙasa, ta yi sama da shekara goma a ciki. Ta buga a Gana, ta buga a Kenya da Masar da Afirka ta Kudu. A unguwa akwai masu cewa wannan ba aikin 'ya mace ba ne, ko da yake in ta dawo su ne na farkon zuwa karɓar tsaraba.

'Yar tsaron baya ce. Akwai wani bugu da ake ba abokan karawa dab da raga. 'Yan tsaro su tsaya bayan layi, da an turo ƙwallo sai mutum ɗaya ta fita a guje ta nufi mai bugun kai tsaye, ta tare da sanda, in sanda ta kuskure ta tare da jiki. Wannan shi ne aikin Yaya. Shi ya sa abokan wasanta suke kiranta Katanga. Ƙwaurinta duk tabo ne da ƙullutu, muna yara ma mukan ƙirga su muna dariya.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne yadda ake zama a sansanin horo kafin tafiya. 'Yan wasa sun fi kujerun jirgi yawa. Wadda aka ga tana ɗingishi, ko aka ga ta shiga ɗakin likita, da wuya a tafi da ita. Ba wanda ya rubuta wannan doka, in ji Yaya, amma kowa ya san ta. Don haka tun tana 'yar shekara goma sha ta koyi yadda za a buge ta ta tashi tana murmushi. Ana yaba mata a kan haka, ana nuna ta ga sababbin yara.

A sansanin ƙarshe ƙwallo ta same ta a ƙwaurin hagu. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sha ƙwaya, ta ɗaure wurin, aka tafi da ita, ta buga duk wasannin, ta dawo Katsina tana ɗan jan ƙafa. Na tambaye ta, ta ce, "Ba komai, irin na kullum ne."

Ranar da ta karye muna tare. Mun je barkar haihuwa Ƙofar Ƙaura, tana saukowa daga keken adaidaita ta sa ƙafar a ƙasa, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ta zauna a bakin kwalbati, ta dube ni ta ce, "Hauwa, ce wa mai keken kada ya tafi." Iyakar abin da ta ce ke nan.

A asibiti mun yi layin kati, mun yi layin hoto, mun yi layin ganin likita, rana ta yi sanyi kafin a kira mu. Likitan saurayi ne, a gajiye yake amma bai yi mana tsawa ba. Ya ɗaga hoton ya ce, "Wannan ƙashin ya daɗe da tsagewa, yau dai ya ƙarasa. Da me kike tafiya a kansa?" Ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ta manta da gudu na watanni. Sai dai babu gado, masu jiran aiki kuma suna da yawa. Aka sa mata siminti ta bayan ƙafa kawai, aka naɗe da bandeji, aka ce mu dawo mako mai zuwa. Muka dawo, muka wuni a kan benci, aka ce mu sake dawowa. Ba na so in yi wa asibitin ƙarya, na ga waɗanda aka shigo da su jina-jina daga hanya, na san ba za a bar su a ɗauke mu ba. Amma da an yi mata aikin a makon nan, ina jin da ba na rubuta wannan.

A tsakanin nan gidanmu ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa. Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta fi tsayawa da ƙarfi.

"Mi za a yi da ƙarhe a jikin ɗiya mace?" in ji ta. "Ga Malam Ila nan, hannunsa gado ne. Shi ya ɗora ni lokacin da na hwaɗo daga bisa, ga ni ina zuwa kasuwa da kaina. Su 'yan asibiti in sun tashi yanka suke sani."

Umma ita dama ba ta musu da dangin mijinta. Amma gaskiya ba Gwaggo ce ta yanke ba. Yaya ce. Ta ji ana raɗe-raɗin za a sake kiran sansani nan gaba kaɗan, ta lissafa shekarunta, ta ga in wannan ya wuce ta ba lallai a sake tuna ta ba. An gaya mata ɗorin gida ya fi saurin kamawa.

Na ce, "Yaya, ƙila mu ƙara haƙuri mako guda. Ƙila su kira mu."

Ta ce, "Ke kullum ƙila. Ranar da aka zo neman aurenki ma ƙila za ki ce."

Aka yi dariya, har da ni.

Malam Ila ya zo da hantsi. Dattijo ne fari siriri, mai sanyin magana, bai yanka mana kuɗi ba, ya ce abin da ya sawwaƙa. Ya gaisa da Umma doguwar gaisuwa, ya yi wa mahaifinmu addu'a. Ya cire simintin, ya shafa wurin yana karatu, ya sa Kawu Lawal ya riƙe gwiwa, shi kuma ya ja ƙafar. Sannan ya jera tsagin gora kewaye da ƙwaurin, ya fara naɗewa da tsumma mai ƙarfi. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na lura in ya ja ɗaurin sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarta. Ya ja, ya duba. Ya sake ja, ya sake duba.

"Ɗiyata, yaya?"

"Ba komai, Malam."

Ya ƙara ja.

Gwaggo ta kusa yin guɗa. "Kun gani? Jinin ubanta! Maza nawa na gani suna ihu a hannun Malam kamar ana yanka akuya." Malam Ila ya girgiza kai yana mamaki, ya ɗaure bakin tsumman. Kafin ya fita ya ce in ya matsa mata ta aiko, kuma kada wanda ya taɓa ɗaurin. Haka al'adar take, wanda ya ɗaura shi yake kwancewa, in wani ya sa hannu an ce ƙashin ba zai kama ba.

Kwanakin farko ban ga abin tsoro ba, ko kuma in ce ban san abin da nake gani ba. Yaya ta zama mai surutu fiye da yadda na san ta. Duk wanda ya shigo sai ta ja shi da labari, yadda aka ba su abinci mara yaji a wata ƙasa har suka riƙa yawo da barkono a safa, yadda wata doguwar 'yar wasa ta nemi ta koya mata ɗaurin kallabi. Tana yi tana murza kunnenta na hagu, har ya yi ja. Mata su fita suna cewa ai wannan ta warke. Yatsun ƙafar sun kumbura sun yi sheƙi. Gwaggo ta ce ɗori ne yake kamawa. Abinci kuwa ba ta ci, sai shayi, da sauran ƙwayoyin da ta dawo da su daga sansani.

Da na zo goge mata ƙafa wata safiya na ji yatsun da sanyi kamar randa, launinsu kuma ya fara duhu. Na ce, "Yaya, kina jin hannuna?" Ta ce, "Ina ji mana," tana kallon rufi. Na gaya wa Umma, Umma ta ce a kira Malam. Na kira, wayarsa ba ta shiga. Na je gidansa aka ce ya tafi ƙauye ta'aziyya, can kuma babu sabis. Na ce ko mu ɗan sassauta da kanmu. Gwaggo ta ce in na taɓa ɗaurin nan ƙafar ta karkace, ba ta yafe mini ba. Na koma ina kiran waya safe da yamma.

Rifkatu ce ta cece ta, in dai abin da ya rage za a kira shi ceto. Ita ce mai tsaron ragar tawagarsu, 'yar Filato, ta ji labari ta hau mota ta zo da buhun dankali. Ta shigo da ihunta, "Katanga! Wa ya isa ya rushe ki?" Suka tafa. Yaya ta shiga ba ta labarin keken adaidaita tana kwaikwayon muryar direban. Rifkatu tana dariya, sai na ga dariyar ta tsaya.

"Tun yaushe kike jan kunnen nan?"

"Ke dai kin cika sa ido."

"Hauwa, tun yaushe?"

Na ce tun ranar ɗori.

Ta juya wajen Umma. "Mama, shekara da shekaru ina tsaye a bayan yarinyar nan a fili. Ba ta kuka, ba ta taɓa yi ba. In ta kama surutu tana murza kunne, to ciwon da take ji zai kayar da ƙato. Haka ta yi mana a Masar da yatsu biyu a karye." Ta yaye zanen da aka rufe ƙafar, ta duba, ta ce, "Yesu! A ba ni almakashi."

Gwaggo ta tare gabanta. "Ke baƙuwa ce, ba ki san yadda ake yi ba. Sai mai ɗori ya zo."

"Gwaggo, ki yafe mini. Ki zage ni daga baya, zan durƙusa in saurara."

Ni na ɗauko almakashin. Yaya ba ta hana ba, ta dai juya fuskarta bango. Ba zan bayyana abin da muka gani a ƙarƙashin gorar ba. Warin kawai ya isa ya fitar da Gwaggo tsakar gida tana salati.

Wannan karon ba mu yi layi ba. Ma'aikaciyar jinya ta farko da ta leƙa ƙafar ta ƙwala kira, nan take aka samu gadon da aka ce babu. Likitan nan dai na ranar farko ne. Maganarsa tana nan a kunnena: "Naman ya shaƙe. An ɗaure shi yana kumbura, jini ya rasa hanya." Ya dubi Yaya ya ce, "Irin wannan zafin mutane suma suke yi. Ba ki ji ba ne?"

Sun yi ƙoƙari, wannan zan shaide su. Makon farko aka shiga da ita ɗakin aiki aka buɗe wurin aka wanke, aka cire abin da ya mutu. Mako na biyu aka sake. Duk sanda aka fito da ita sai in tambayi likitan, ya ce mu ci gaba da addu'a. Zazzaɓi ya hau ta, wani lokaci ta riƙa kiran sunayen 'yan wasa tana ce musu su koma baya. Aka nemi jini. Rifkatu ta ba da, Kawu Lawal ya ba da, wani maƙwabcinmu mai gyaran babur da ko gaisuwar kirki ba ma yi da shi ya zo ya ba da. Komai saya ake yi, har safar hannu da auduga, ni ce mai zaryar kanti. Umma ta sayar da 'yan kunnenta na aure, daga baya filin da mahaifinmu ya bar mana ya bi. Abokan wasanta sun haɗa abin da za su iya suka turo, kuma na san su ma ba wani abu gare su ba. Manyan tawagar masu ofis da kujera kuwa, Rifkatu ta kira su ta kira, aka ce mata ana kan magana. Har yau ana kan maganar.

A mako na uku likitan ya zo da babbansa. Suka ce gubar ta fara hawa, ko dai ƙafar ko ran. Za a cire daga ƙasan gwiwa. Umma ta sulale ƙasa. Na fara tambayar ko akwai wani asibiti, ko Kano, ko a ƙara kwana biyu. Yaya ta ce, "Hauwa, ya isa. Ba ni biron." Ita ta sa hannu da kanta.

Bayan aikin Malam Ila ya zo. Ya dawo daga ƙauye ya tarar da labari. Na shirya maganganun da zan gaya masa, na maimaita su a raina sau da yawa, amma da na gan shi a bakin ɗakin mata na asibitin riƙe da ledar lemo, sai suka gudu. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon, bai yarda da kujera ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ubana ya koya mani, shi ma ubansa ya koya masa. Ba mu da na'ura. Muryar mutum ita ce ma'auninmu. Ina ja, ina ja, da mutum ya yi ƙara sai in san na kai, in mai da baya kaɗan in ɗaure. Ke na ja, na duba, kin ce ba komai. Na ce ashe da saura. Ban taɓa ɗaure ɗan Adam kamar yadda na ɗaure ki ba, kuma na tahi gida ina ba da labarinki."

Yaya ta ce, "Akwai zafi, Malam. Tun jan farko."

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Ban iya ba."

Tsohon ya sa hannun rigarsa ya rufe fuska.

Tun daga ranar nake neman inda zan ajiye fushina, ban samu wuri guda ba. In na ce Malam Ila, sai in tuna ya tambaye ta. In na ce Gwaggo, ga ta nan kullum da kwanon tuwo, ta rame, ba ta iya haɗa ido da Umma. In na ce asibiti, su suka tsayar da ranta. Wanda ya fi tsaya mini a wuya su ne waɗanda suka ɗauki yarinya ƙarama suka koya mata cewa faɗin ciwo yana hana shiga jirgi, suka yi shekaru suna tafa mata, sannan da ƙafar ta tafi ba wanda ya tako ƙofar gidanmu. Mu ma a gida mun tafa. Jaruma muke ce mata tana ruɓewa a gabanmu.

Ba zan ce wa kowa kada ya je wurin mai ɗori ba, ban isa ba, kuma na san layin da ke kora mutane can. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In an ɗaure wa naku ƙafa ko hannu, ku riƙa taɓa yatsun. In sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya daina jin taɓi, ku kwance a take ku nufi asibiti, ko wa ya ɗaura, ko wa zai yi fushi. Kuma in mara lafiyarku irin masu cewa ba komai ne, kada ku yarda da bakinsa. Allah Ya saka wa Rifkatu, da masu ba da jini, da ma'aikaciyar jinyar nan mai tabarau da takan zauna da Umma bayan ta tashi aiki.

Yanzu Yaya tana gida, tana koyon tafiya da sandunan guragu daga ɗaki zuwa bakin rijiya. An ce akwai ƙafar roba, in kututturen ya gama warkewa kuma in mun samu hali.

Kwanan baya muna tsakar gida ina yi mata tsifa wayarta ta yi ƙara. Ta sa a lasifika don kada ta tsayar da tsifar. Wani sabon jami'i ne daga ƙungiyarsu, muryarsa cike da fara'a.

"Katanga, ina kika shiga? An fara horo, sunanki na ciki."

"Ka cire shi. An yanke mini ƙafa."

Ya yi salati, ya ce wallahi ba wanda ya gaya masa. Ya yi mata sannu har sau uku, kuma ina jin da gaske yake. Sannan ya ɗan yi tari, ya ce ta yi haƙuri, ba don ya so ba, amma kayan da aka raba musu kafin tafiyar ƙarshe na ƙungiya ne, sandunan wasa da riguna da takalmi, kuma za a tambaye shi. Ko za a iya ba direba a tasha ya kawo?

Na kai hannu zan karɓe wayar. Yaya ta girgiza mini kai.

"Za a kawo," ta ce.

Ta sa na ɗauko jakar daga ƙarƙashin gado. Na jera sandunan, na ninke rigunan, na ɗauko takalman zan saka. Ta miƙo hannu ta zare na dama, ta ajiye kusa da ƙafarta.

"Wannan ina amfani da shi. Sa musu ɗayan."

Na kai jakar tasha da safe.